Ƙadangarun Gidan Ustaz

Sai da na yi wata huɗu a Jidda kafin na yarda cewa Alhaji Sabo ba zai dawo mini da fasfona ba. Shi ne ya tarbe ni bayan na gama umara, ya ce ɗan wajenmu ne, har ya jero mini sunayen ƙauyukan bakin fadamar Haɗejiya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce akwai gidan da ke neman direba, in kawo takarduna a gyara mini iƙama, wato takardar izinin zama. Na miƙa masa da hannu biyu, har ina yi masa addu'a. Bayan kwana uku lambarsa ta daina shiga.

Na koma unguwar Kurayyat da zama, ɗaki ɗaya mu tara, kowa jakarsa ce matashin kansa. Da safe mu fita neman dako. In aka hango motar jawazat, masu kama marasa takarda, kowa ya san lungun da zai faɗa. Ni da na tashi a kan ruwa, inda mutum ke miƙewa tsaye a kwalekwale ya ƙwala wa na tsallake kira, sai ga ni ina tafiya ina goga kafaɗa da bango, ina magana ƙasa-ƙasa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. In Rakiya, matata, ta kira ni, sai in ce mata lafiya lau, ana ta aiki, in yi maza in tambaye ta yara don kada ta ji muryata ta sauya.

Wanda ya fara duba na da idon mutunci a garin nan shi ne Ammu Tijjani, wani dattijo mai shagon tsuntsaye da kifin ado a unguwar Bagdadiyya. Ina sauke masa buhunan gero daga mota, ɗaya ya kusa karya mini ƙugu, na saki wani zagi da Hausa wanda ba zan rubuta a nan ba. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Ya zol, ashe namu ne! Aje buhun nan, zo ka sha shayi."

Kakanninsa daga Kano suka tashi da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, da Larabci a tsakiya. Ya ba ni aikin wanke keji da sauya wa kifi ruwa, kullum da safe kuma mu ci wake da burodin tamis a faranti ɗaya. Wata bakwai na yi a wurinsa. Amma kwana dai sai Kurayyat, kuma duk tafiyar da zan yi tsakanin nan da can cikin ɗar-ɗar nake yin ta.

A shagon na haɗu da Ustaz Khalid. Baƙi ne kamar ni, haifaffen Jidda, kakansa Bakatsine. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci, yana tsayawa yana laluben kalma. Ya shigo ransa a ɓace, ya nuna wa Ammu hoto a waya. Wasu dabbobi biyu ya saya, waɗanda ake kawowa daga ƙasashen gabas, Larabawa na ce musu tinnin. Sun ƙi ci, sun ƙi sabo, da sun hango shi sai su yi ta kai wa gilashi karo har bakinsu ya fashe. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Ni dai ƙadangare na gani, kore shar, da ƙayoyi jere a gadon baya kamar haƙoran zarto, da wutsiyar da ta fi jikin tsawo.

Bakina ne ya ja mini. Na ce, "Wannan ɗan abin? Ustaz, ni tun ina shekara goma nake kama guza da hannu, wanda ya kai tsawon teburin nan."

Ammu ya harare ni, na yi kamar ban gani ba. Ustaz ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Tayyib. Akwai ɗaki bayan gareji. Abu ɗaya nake so, in ɗauke su a hannuna ba su gudu ba. Amma ka sani, ya Idris, ajiye wanda ba shi da iƙama mushkila ce babba a kaina. Saboda su kaɗai zan yi."

Haka na koma gidan Ustaz a unguwar Abhur. Ɗakin bai wuce taku huɗu ba, amma yana da ƙofa mai makulli, da katifa tawa ni kaɗai, kuma katangar gidan ta yi tsawon mutum biyu. Ba motar da za ta hango ni. Da na rufe ƙofar na zauna, sai na ji hawaye suna zuba ban shirya ba. Tun ranar na san cewa babu abin da nake tsoro a Jidda kamar rasa ɗakin nan.

Ƙadangarun suna wani ɗaki kusa da falon baƙi, cikin babban akwatin gilashi da ya kai mini ƙirji. A ƙasansa akwai ɗan tafki mai ruwan ɗumi, a sama rassan itace da ganyaye da fitila mai zafi. Yana da murfi ta sama, da ƙofa ta gefe. Namiji ne da mace, duk bakinsu ya ɗaye ya yi ja.

Rana ta biyu na ce bari in nuna aikina. A wajenmu, in za ka kama guza ba ka yi masa sallama. Ta sama kake auka masa, hannu ɗaya a wuya, ɗaya a gindin wutsiya, kafin ya juyo ya zabga maka ita. Na ɗaga murfin, na kai cafka. Namijin ya faɗa ruwa ya nutse. Macen ta zille, hannuna ya sami wutsiya, na damƙe yadda hannun ya saba. Sau ɗaya ta fizga. Sai ga ni tsaye da kusan rabin wutsiya a hannu tana motsi, ita kuwa ta shige ƙarƙashin wani kututture, korenta ya rine ya koma baƙi-baƙi.

Na kama guza ba adadi, na yanka, na feɗe, ban taɓa jin komai ba. Amma ranar abin ya taɓa ni. Guza in ka kama shi faɗa yake yi da kai. Wannan ko baki ba ta buɗe ba.

Da Ustaz ya dawo da la'asar na yi niyyar in ce murfi ne ya datse ta, na kasa. Na nuna masa guntun.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Idris? Wannan ce iyawar?"

Ya kai ta wurin likitan dabbobi, aka wanke ciwon, aka ba da magani. Da suka dawo bai ko dube ni ba. Ya ce, "Wata ɗaya. In ta mutu, ko ba ta fara ci ba, halas."

Ran Juma'a bayan masallaci Ammu Tijjani ya shigo mota har Abhur. Bai tuna mini hararar da ya yi mini a shago ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Ya cire takalmi, ya zauna daɓas a ƙasa gefen akwatin, ya ce in zauna.

"Kai mafarauci ne, ya waladi, kuma sun sani. A dajinsu duk abin da ya zo ta sama shaho ne. Ka ga ɗan tabon nan a tsakar kansu? Da shi suke jin inuwa. Murfin nan ka manta da shi. Ta gefe za ka shiga, ta ƙasa, hannu a buɗe."

"In sun gudu fa, Ammu?"

"Su gudu. Ba a bin su. Wutsiya kuwa, ko da wasa."

"To yaushe zan kama su?"

"Ba za ka kama su ba, ya zol. Su za su hau ka. In ba za ka iya jira ba, faɗa mini yanzu in koma da kai."

Kafin ya tafi ya sa muka liƙa takarda mai duhu a ƙasan gilashin, tsawon kamu ɗaya, ta zagaye akwatin. Ya ce ba su san gilashi ba, da sun ga sarari sai su zaci hanya ce, shi ya sa suke fasa baki.

Ni mutum ne mai gaggawa, a gida ma an san ni da haka. Satin farko ban yi komai ba sai zama. Da safe in fesa musu ruwan ɗumi a ganyaye, sannan in zauna a ƙasa, in ba su gefen fuska, kullum da riga ɗaya mai ruwan ƙasa. Ammu ya ce in riƙa magana a hankali don su san muryata. Me zan ce wa ƙadangare? Sai na riƙa ba su labarin gida, yadda ruwa ke cika fadama, yadda ake zuba taru, da yadda ƙaramar 'yata ke tsoron tarwaɗa. Ɗakin ƙamshin jiƙaƙƙen ganye yake yi, ga ƙarar ruwa na gangarowa cikin tafkin. Wani lokaci sai in manta inda nake. In na tuna kuma, kewar gida ta taso mini har in kasa ci gaba da magana.

Sati na biyu na fara buɗe ƙofar gefe kaɗan, in ɗora hannu a kan reshe na ƙasa, in bar shi a nan har ya sage. Bayan haka na fara miƙa gyare da dogon hantsaki. Namijin, wanda na sa wa suna Kore, shi ya fara karɓa. Macen kuwa, Guntuwa, da ta ga hannuna sai ta faɗa ruwa, ta daɗe a ƙasa har in fara salati. Ta rame, haƙarƙarinta ya fito. Kullum Ustaz zai leƙo ya ce, "Ta ci?" in ce tukuna. Saura sati ɗaya wa'adina ya cika, na ajiye mata tsutsa mai ƙiba a ɗan kwano, na juya baya gaba ɗaya ina kallon bango. Na ji ɗan motsi. Da na waiwaya kwanon wayam. Na yi sujada a wurin.

Daga nan na koyi riƙo. Tafin hannu ake turawa a hankali ƙarƙashin ƙirji, a jira shi ya tako da kansa. Ɗaya hannun ya tallafe ƙafafun baya da gindin wutsiya, kuma ba a rufe yatsu. Ina zaune a ƙasa nake yi, ƙofar ɗaki a rufe, don in ya yi tsalle kada ya faɗo daga sama, kada kuma ya ɓace. Ba na daɗewa. Da na ga launi ya fara duhu, ko numfashi ya yi sauri, sai in mai da shi kan reshensa. Faratansu sun yakushe ni har na koma sa riga mai dogon hannu. Ina wanke hannu da sabulu kafin in taɓa su, in na gama ma haka, kuma da yake ban san hukuncin taɓa su ba sai in sake alwala kawai in huta.

Kore bai ba ni wahala ba. Guntuwa sai da ta kusa cinye wata uku. Ranar da ta ɗora ƙafa ɗaya a tafina, ta janye, ta sake ɗorawa, sannan ta hau gaba ɗaya, numfashi ma ɗauke shi na yi. Ina jin bugun zuciyarta a fatar hannuna. Hannun da na guntule ta da shi, a kansa ta kwanta. Na ji kunya, na kuma ji wani daɗi da ban taɓa ji ba tun da na bar gida.

Na kira Ammu ina murna.

"Mabruk," in ji shi. "Ustaz fa, ya iya?"

"A'a, har yanzu gudunsa suke yi."

"To, bar shi haka. Ran da ya iya, ranar za ka koma Kurayyat. Ba mugunta nake koya maka ba, ya waladi. Na daɗe a garin nan ne."

Na bi maganarsa, kuma ba zan ɗora masa laifi ba, don ita ce maganar da nake so in ji. Ustaz yakan shigo da la'asar daga ofis kai tsaye, cikin farar riga mai ɗaukar ido, turare na tashi, makullai na kacau-kacau a hannu. Ya tsaya a kansu, ya kafe su da ido, ya ɗaga murfin sama don sunkuyawa na ba shi wuya. Duk abin da ya kamata ya sani, ya karanta shi a waya, amma mutum ba ya ganin kansa. Sai su watse, shi kuma ya juyo wurina.

"Lesh, me ya sa suke guduna, ya Idris? Kai suna hawa ka."

"Sai a hankali, Ustaz."

Sati shida ina ba shi wannan amsa. Da mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma da na yi zazzaɓi shi da kansa ya kawo mini magani har ɗaki, ya kuma ba ni tsohuwar wayarsa don in riƙa ganin fuskar yarana. Ina karɓa, ina godiya, ina ɓoye masa abin da ya ajiye ni don shi.

Wata Alhamis ya shigo da wuri, ya tarar da Guntuwa a kan hannuna. Fuskarsa ta cika da murna kamar ta yaro. Ina mai da ita ciki ya ce, "Yalla, yau sai na ɗauka," ya ɗaga murfin ya zura hannu. Ta yi sama a guje, ta kai wa gilashi karo inda babu takarda, ta sake kaiwa. Bakin da na yi watanni ina jinya ya tsage, jini ya shafi gilashin. Ustaz ya ruɗe, ya kai hannu zai kamo ta ya duba ciwon, na ga yatsunsa sun nufi dungun wutsiyar.

Ban san lokacin da na damƙe masa wuyan hannu ba. Na daka masa tsawa, "Bari!"

Ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Hannuna kake riƙewa, ya Idris?"

Na sake shi. Amma bakin nan nawa da ya kawo ni gidan ya riga ya buɗe.

"Ustaz, na san abin da ya sa suke gudunka. Sati shida ke nan kana tambaya ina ɓoye maka."

"Lesh ba ka faɗa ba?"

"In ka iya, titi zan koma."

Ya juya ya fita. Na shafa wa Guntuwa magani, na koma ɗakina na haɗa kayana a jaka, na zauna ina jiran a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya zo. Washegari bayan masallaci ina fesa ruwa, sai ga shi ya shigo da wata tsohuwar jallabiya mai ruwan toka, ba turare, ba takalmi, ba makullai.

"A ina zan zauna?"

Na nuna masa ƙasa. Ya zauna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

Ban raga masa ba. In ya motsa in ce kada ya motsa. In ya zuba mata ido in ce, "Ustaz, kau da fuska, ba cinye ta za ka yi ba." In wayarsa ta yi ƙara in kore shi waje. Wata rana ya ce hannunsa ya mutu, na ce nawa ma ya sha mutuwa, ya bar shi a nan. Ya yi murmushi ya bar shi. Ban san me zai ce musu ba, sai na ji yana ba su labarin kakarsa da guntuwar Hausarsa, wai ita ce ta ƙarshe da take kiransa Halidu. Duk ranar da ya ci gaba ina jin daɗi, kuma ina jin tsoro, don na san inda abin zai kai mu.

Kore ya hau shi a sati na uku. Guntuwa ta ja mana rai har sati na bakwai.

Ustaz bai yaudare ni ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya kira ni falo, ya ba ni shayi da hannunsa, ya ce kame ya yi tsanani a unguwar, an shiga gida na uku daga nasa. Ya ce ya tambaya ko za a iya gyara mini takarda, an ce babu hanya tun da ko fasfo ba ni da shi. Yana magana yana kallon kofinsa.

"Ina da iyali, ya Idris. Ka yafe mini."

"Tun farko ka faɗa mini, Ustaz. Ni ne zan nemi yafiya."

Ya ba ni sati ɗaya in bar gidan. Ammu Tijjani ya ce in dawo shago, a Kurayyat kuma aka matsa mini wuri a bakin ƙofa.

Ranar tafiya na share ɗakin, na ninke zanen gado, na bar makullin a jikin ƙofa. Na ajiye jakata a waje, na shiga in yi sallama. Na tarar da Ustaz zaune a ƙasa, ƙofar gefe a buɗe, Guntuwa a kwance a kan damtsensa, korenta ya fito shar, bakinta ya warke. Ya so ya tashi, na ga ya fasa. Ba zai iya miƙo mini hannu ba, ba zai iya ɗaga murya ba, don ni na hana shi. Idonsa ya cika da hawaye, babu hannun sharewa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Fi amanillah, ya Idris."

Na shirya maganganu da yawa tun safe, na godiya da na ban kwana. Na durƙusa daga bakin ƙofa don kada inuwata ta faɗa mata, na buɗe baki.

"Ustaz, ƙafar bayan nan tana lilo. Tallafe ta."

Ya tallafe ta. Na ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, na ɗauki jakata, na fita titi.